Wasiƙar Godiya ga Sashen Likitocin Sa Barci na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, Kumasi

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan wasiƙa daga Aboabo a madadin iyalinmu, domin in yi godiya a bainar jama'a ga likitoci da ma'aikatan jinya na wannan sashe da ke asibitin Bantama, wanda mu mutanen gari muka fi sani da Gee.

Ƙanena ya karye a ƙashin cinya sakamakon haɗarin babur. Dattawan gida sun so a kai shi wurin mai ɗori, kuma ban ga laifinsu ba, domin abin da suka tashi suka tarar ke nan. Amma hoton ƙashi ya nuna cewa karayar tana bukatar a sanya sandar ƙarfe a cikin ɓargo. Abin da ya fi tayar da hankalin mahaifiyarmu shi ne barcin tiyata, saboda ta sha jin ana cewa wasu ba sa farkawa.

A nan ne likitan da ya duba shi ya burge ni. Ya zauna da mu, ya kira ta Hajiya, ya bayyana cewa za su haɗa hanya biyu. Za a sa shi barci gaba ɗaya, sannan a yi masa allura a matsematsi kusa da jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gaban cinya, ana kallon bakin allurar a allon na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, domin maganin ya sauka gefen jijiyar ba tare da ya shiga hanyar jini ba. Ya ce idan an kashe zafi tun daga tushe, ba za a bukaci maganin kashe zafi mai ƙarfi da ake kira mofin da yawa ba, wanda shi ne ke jawo amai, jiri da raunin numfashi bayan aiki. Haka kuwa aka yi. Ƙanena ya farka yana gane mu, yana magana, kuma ya kwana bai yi kuka ba.

Ina kuma yaba wa ma'aikatan jinya da suka gargaɗe mu cewa ƙafar za ta yi nauyi kamar ba tasa ba, don haka kada ya kuskura ya taka ta shi kaɗai, kuma suka fara ba shi maganin ciwo na sha tun kafin allurar ta sake shi washegari. Sun riƙa zuwa suna taɓa yatsunsa, suna tambayarsa ko yana ji.

Yanzu yana takawa da sanda zuwa masallaci. Hajiya ta ce in isar muku da addu'arta: Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Naku,
Wani ɗan Zango, Aboabo, Kumasi