Abin da ke kashe kumbunan da ake aikawa wasu duniyoyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da aka ba da labarin kumbo maras matuƙi da ya isa wata duniya, hoto ake sakawa, sai sunan ƙasar da ta harba shi, shi ke nan. Muna roƙon fili mu yi wa masu karatu, musamman ɗalibai, bayanin ɓangaren da ake tsallakewa: inda waɗannan na'urori ke samun wuta, yadda saƙonsu ke isowa gida, da abin da ke halaka su.

Wanda ya fara cin nasara shi ne Mariner 2 na Amurka, da ya gifta kusa da Venus, wato Zahara, a Disamban 1962. Ɗan'uwansa Mariner 1 mintuna kaɗan ya yi a sama aka tarwatsa shi da gangan, don rokar ta kauce hanya. Cikin dalilan har da kuskure a lissafin da aka loda wa kwamfuta.

A kan Venus ɗin Tarayyar Sobiyet ta sha wuya sosai. Zafin ƙasarta ya haura digiri 450, nauyin iskarta kuma ya ninka namu sau 90, shi ya sa kumbunan farko suka mutu tun suna kan laima, ba su taɓa ƙasa da rai ba. Aka ƙara wa Venera 7 kaurin jiki. A 1970 laimarsa ta samu matsala ya faɗi da ƙarfi, amma ya yi kusan minti 23 yana aiko da saƙo mai rauni, kuma shi ne karon farko da aka ji magana daga doron wata duniya. Zafin ba shi da magani. Dabarar kawai ita ce a sanyaya cikin kumbon kafin ya shiga, a lulluɓe shi, sannan a yi aiki da gaggawa. Venera 13 ya jure minti 127 a 1982. Venera 14 kuwa abin dariya da takaici ya same shi: murfin kyamararsa ya faɗi daidai inda hannun gwajin ƙasa zai sauka, sai hannun ya auna taurin murfin.

Mars ta fi sauƙin zama, amma tana da nata sharuɗɗa. Damar harbawa sau ɗaya take zuwa a kowane wata 26, idan ta wuce sai a jira. Saƙon rediyo yana ɗaukar minti 3 zuwa 22 kafin ya isa, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke, alhali saukar kanta kusan minti 7 ce. Ke nan ba mai tuƙa kumbon daga nan. Kwamfutarsa ce ke buɗe laima ta kunna roka. A 1999 aka rasa Mars Climate Orbiter saboda wani rukunin injiniyoyi ya ba da alƙaluma na ƙarfin turin injin a ma'aunin fam, ɗayan ya ɗauka ma'aunin niyuton ne. Kumbon ya nutsa cikin iskar Mars fiye da yadda aka tsara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Sai ƙura. Duk mai faifan sola a Maraɗi ya san yadda caji ke raguwa lokacin hunturu idan ba a goge shi ba, a can kuwa babu mai gogewa. An ƙera motar Opportunity don aikin kwana 90, ta sauka a 2004, ta kai 2018 tana yawo, har ta yi kilomita 45, saboda iska kan share mata faifan lokaci zuwa lokaci. Guguwar ƙurar da ta rufe Mars a 2018 ce ta tare mata rana, batir ya ƙare. Kumbon InSight ma ƙura ce ta ci shi a 2022. Motocin Curiosity da Perseverance ba su dogara da rana ba, suna ɗauke da sinadarin nukiliya mai suna fulutoniyam-238, wanda zafinsa ake mayarwa wuta, kimanin wat 110.

Da nisa ya ƙaru, rana ba ta da wani amfani sosai: a Jupiter haskenta bai wuce kashi 4 cikin 100 na wanda muke samu ba. Voyager 1 da 2, da aka harba a 1977, sun tashi da wat 470 na irin wannan wuta ta nukiliya, kuma duk shekara suna rasa kimanin wat 4. An yi amfani da jeruwar da manyan duniyoyi ke yi sau ɗaya a kusan shekara 175, inda jan kowace ke ƙara wa kumbo gudu ya miƙa shi ga ta gaba. Haka Voyager 2 ya bi Jupiter a 1979, Saturn a 1981, Uranus a 1986, Neptune a 1989. Har yau shi kaɗai ya taɓa zuwa biyun ƙarshe.

Na'urar aika saƙon kowane Voyager wat 23 ce kacal. Faranti mai faɗin mita 3.7 ke saita saƙon, a nan kuma manyan faranta masu faɗin mita 70 a Kaliforniya, Madrid da Kanbera ke kamawa. An raba su wurare uku don juyawar duniya kada ta yanke layi. A ƙarshen 2023 wani guntun ma'ajiyar kwamfutar Voyager 1 ya lalace, ya koma aiko da shirme. Injiniyoyi suka rarraba umarnin da ke cikinsa zuwa wasu sassan ma'ajiyar, kowane gwaji sai sun jira fiye da awa 22 ya je, wasu 22 amsa ta dawo. A Afrilun 2024 ya koma magana daidai. Yanzu ana kashe na'urorin awonsa ɗaya bayan ɗaya don ragowar wutar ta ishi rediyon.

Wassalam.

Wasu malaman kimiyya,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar