Zuwa ga ƙanena, daga Liyon ta ƙasar Faransa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, da Baba da Umma da sauran yara. Nan ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Saƙonka ya iso, har da jerin kalmomin ladabi na Turanci da kake so in juya maka zuwa Faransanci saboda darasinku na Alliance Française. Zan bi su, amma ba yadda ka jero ba, don wadda ta fi duka nauyi ba ta ma cikin jerin naka.

Ita ce bonjour. A Turanci kana iya tare mutum da excuse me ka zarce da tambayarka, a nan kuwa ba a yi. Rannan a gidan burodin da ke ƙasan benenmu wani baƙo ya shigo gabana, ya ce excusez-moi, ya nuna burodin da yake so. Matar ta dube shi, ta ce bonjour tana jan kalmar, hannunta bai motsa ba sai da ya amsa. Sallamarsu ke nan. Direban bas, mai gadi, ma'aikacin ofis, kowa da ita ake fara masa. Daga wajen ƙarfe 6 na yamma sai ta koma bonsoir, in za ka fita kuma ka ce au revoir, ka ƙara da bonne journée in da rana ne.

Please ita ce s'il vous plaît, ko s'il te plaît, kuma nan ne you ɗin Turanci ta rabu biyu. Vous ta babba ce, da baƙo, da shugabanka a wurin aiki, ko da shi kaɗai ne. Wannan ba zai ba ka wuya ba, ai kai ma ba ka ce wa Baba "ka tashi lafiya", sai "kun tashi lafiya". Tu ta aboki ce da yaro. Kada ka yi gaggawar tu da wanda ya girme ka, jira shi ya ce on peut se tutoyer, wato kuna iya ce wa juna tu.

Thank you kuwa merci ce, sai dai in an yi maka tayin shayi ka ce merci kawai, ana iya ɗauka ka ƙoshi, a wuce da buta. In kana so, ka ce oui, merci ko volontiers. Amsar godiya de rien ce tsakanin abokai, je vous en prie ga manya. Bienvenue sannu da zuwa ce kurum, mutanen Kebek a Kanada ne ke amsa godiya da ita.

Sai sorry, wadda na fi so ka natsu a kanta. Turancinmu na gida ya ɗora mata nauyin sannu. Mutum ya yi tuntuɓe, sorry. Yana tari, sorry. In ka ce wa Bafaranshe désolé don ya yi tuntuɓe, sai ya tsaya yana neman laifin da ka yi masa. Abin da ake ce masa shi ne ça va, wato "lafiya dai?" In kai ka taka shi a cikin jirgin ƙasa, pardon ta isa. Désolé ka ajiye ta sai ka makara, ko ka ɓata wa wani, ko ka ji labarin wani abu marar daɗi da ya same shi. Haka well done da muke ce wa mai aiki: kada ka kuskura ka mayar da ita bien fait, don sau da yawa ma'anarta "maganinka ke nan". Sannu da aikinsu bon courage ce, yabo kuma bravo. Ni dai a ganina Faransancin 'yan uwanmu na Nijar da Benin ya fi na nan ɗumi. Su suke cewa bonne arrivée don kada matafiyi ya sauka ba sannu, kuma in na shiga shagunan 'yan Afirka a unguwar Guillotière ina jin ta har yanzu.

Sir da madam su ne Monsieur da Madame. Monsieur ɗin nan shi ne mushe da 'yan Maraɗi ke ce wa malamin makaranta. Mademoiselle tun 2012 gwamnati ta cire ta daga takardun hukuma, saboda haka duk macen da ta girma, Madame.

Yours faithfully ita ce ta ƙarshe, kuma tana da tsawo: Veuillez agréer, Madame, Monsieur, l'expression de mes salutations distinguées. Haddace ta kawai, kada ka nemi dalili. A saƙon imel cordialement ta wadatar.

Ka gaishe mini da Baba da Umma, ka ce wa Umma yajin da ta aiko ya kusa ƙarewa. Ka riƙa turo mini saƙon murya kana furta waɗannan kalmomi, in ji yadda kake fitar da r ɗinsu daga maƙogwaro. Kuɗin littafin kuma ka saurare shi ƙarshen wata, in sha Allah.

Naka,
Yayanka