Kuɗin ƙananan hukumomi: mu daina roƙo, mu fara tambaya

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana talakawa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar kan gwamnoni 36, ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni. Mun yi murna, amma a ganina hukuncin ba zai amfane mu ba muddin ba mu sauya hali ba.

A ƙaramar hukumarmu, da sassafe za ka tarar da ƙofar gidan ciyaman cike da jama'a, wannan yana neman kuɗin ragon suna, wancan ya zo da takardar magani. Ba na ganin laifin kowa, domin na san matsin da ake ciki tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne babu mai tambayar dalilin da ya sa rijiyar burtsatsen da ke bayan makarantar firamarenmu ta shekara biyu ba ta ba da ruwa, ko dalilin da ya sa matanmu ke zuwa awo asibitin sha-ka-tafi a tura su kemis su sayi magani. Wanda ya karɓi dubu biyar jiya, da wane baki zai yi wannan tambaya yau?

Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da kwashe shara, kuma Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa kason da kowacce ta samu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta ba kowa damar rubuta wa hukuma takarda, a amsa masa cikin kwana bakwai.

Ina kira ga ƙungiyoyin ci gaban unguwanni da limamai da masu unguwanni su riƙa gayyatar kansilansu ya yi bayani a gaban jama'a. Ku kuma, Edita, ina roƙon ku riƙa buga mana kason kowace ƙaramar hukuma da Hausa duk wata, domin mu je zaman da takarda a hannu.

Wassalam,
Wani mai karatunku daga Jihar Kano