A ƙara masu koyarwa a asibiti, ba ɗalibai kawai ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya da ungozoma, kuma ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan horon da muke samu a asibiti.

A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da cewa an ƙara gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun aikin lafiya daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Mun yi murna, domin ƙauyukanmu na buƙatar ma'aikata. Amma a shekarar ce kuma magatakardan hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce sama da nas 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Waɗanda ke tafiya Ingila da Saudiyya galibi su ne ƙwararru, waɗanda ya kamata mu tsaya kusa da su mu koya.

A aji ana koya mana komai a kan allo da mutum-mutumin roba. Amma roba ba ta kuka, jijiyarta ba ta ɓuya. Samo jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse don a sa masa ƙarin ruwa, ko gane cewa mai ciki na dab da jijjiga tun daga ciwon kai da kumburin fuska, sai a bakin gado, da sista a gefenka tana cewa "dakata, sake dubawa." Wata metiran da na yi aikin dare a ƙarƙashinta ba ta taɓa bari in yi allura ba sai na faɗa mata sunan maganin, da yawansa, da dalilin ba da shi. Ita ta koya mini gaishe da mara lafiya kafin in taɓa shi, da rufe labule ko da ɗakin ya cika maƙil. Allah ya saka mata da alheri. To, irinta ɗaya ce tak a kan gadaje da yawa, ga mu jingim a bayanta. Wasu ɗalibai sai dai su leƙa ta kafaɗar wasu, daga baya a sa musu hannu a littafin aiki kamar sun yi da hannunsu. Wannan yana tayar mini da hankali, domin gobe su ne za a tura asibitin ƙauye inda babu likita.

Mu ɗauki zubar jini bayan haihuwa. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni, da haɗa matakan magani lokaci guda, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ledar ba ta da tsada. Amma murza mahaifa, da ba da oksitosin (allurar da ke sa mahaifa ta matse), da sa ƙarin ruwa cikin mintuna kaɗan ba tare da ruɗewa ba, wannan sai wanda aka kama hannunsa aka nuna masa.

Don haka ina kira ga hukumar jinya da ma'aikatun lafiya na jihohi da su ƙayyade yawan ɗaliban da malamin asibiti ɗaya zai riƙe, su kuma hana makaranta ɗaukar ɗalibai fiye da abin da asibitinta zai iya horarwa. A ware wa sistocin da ke koyar da mu alawus na musamman, a rage musu aikin kwana a watannin da ɗalibai ke hannunsu. Tsofaffin nas da suka yi ritaya kuma, masu sauran ƙarfi, a dawo da su a kan kwantiragi su riƙa zagayawa da mu.

Na gode.

Ɗalibar jinya da ungozoma,
Kano