Na Yi Wata Bakwai Ban Sha Ƙwaya Ba, Amma Yayana Ya Ce Ɗan Ƙwaya Ba Ya Tuba

Assalamu alaikum Malam. Ina rubuto muku daga Tudun Wada a nan Kaduna, kuma ina roƙon a sakaya sunana. Ranar Juma'ar da ta wuce Yayana ya tsare ni a zaure, a gaban 'ya'yansa, ya ce in fito da kuɗin da suka ɓace a ɗakin Hajiyarmu, wai ɗan ƙwaya ba ya tuba. Wallahi ban taɓa kuɗin nan ba.

Ni tela ne a Kasuwar Barci. Da kodin na fara, da gwamnati ta hana shi a 2018 ya yi tsada sai na koma tiramol. Ba don iskanci na fara ba. Duk wanda ya san ɗinkin sallah ya san mutum yakan kwana uku a kan keke, masu kaya suna tsaye a kansa, kuma ba ni kaɗai nake sha a layinmu ba.

A azumin da ya wuce, a goman ƙarshe, ina tahajjud a masallacin Sultan Bello, kuka ya kama ni a sujada, na yi wa Allah alkawarin dainawa. Makon farko na sha wuya: zufa, gudawa, ciwon gaɓɓai kamar ana sara mini ƙashi, ga barci ya ƙaurace mini. Na canja layin waya, na bar majalisar da nake zama, na riƙe azumin Litinin da Alhamis, kuma kullum bayan asuba ina ɗaukar karatun Alƙur'ani wurin wani malami a unguwarmu. Duk ranar da na wuce lafiya nakan ja layi a littafin da nake rubuta awon masu ɗinki.

Duk wannan Yaya bai taɓa ce mini sannu ba. Shi ne a da ya dage sai an kai ni gidan mari, ko bayan abin da aka gano a Rigasa a 2019, mutane ɗaure da sarƙa, Hajiya ce ta hana. Ina zargin so yake in bar masa gidan.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a daren Juma'ar nan na sha guda biyu. Baƙin cikinsa ne ya kai ni, amma tun daga ranar na kasa haɗa ido da malamina. Wani abokina ya ce in je asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, ni kuwa ina tsoron a gan ni a can a ce na haukace, maganar Yaya ta tabbata.

Malam, in tattara kayana in koma kwana a shago? Kuma wata bakwai ɗin nan da na yi, sun rushe ke nan a wurin Allah? Har yanzu sauran ƙwayar tana cikin aljihun rigata, ban zubar ba.