Lord Carrington ya tsayar da harbi a Rodeshiya, ya bar maganar gona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani Bature da sunansa ke yawan fitowa a bakin 'yan boko a nan Jos duk ranar da wani mai muƙami ya yi abin kunya ya ƙi sauka daga kujera. Sai ka ji an ce, ai a Ingila Lord Carrington murabus ya yi. Haka ne, ya yi, kuma abin a yaba masa ne. Amma abin da ya fi shafar mu mutanen Filato a rayuwar mutumin nan shi ne zaman sulhun Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yau, da ya shugabanta a 1979: yadda ya tafiyar da shi har bindiga ta yi shiru, da abin da ya bari a kan tebur bai warware ba.

Kada masu karatu su haɗa shi da Walter Carrington, jakadan Amurka a Najeriya zamanin Abacha, wanda aka sa wa titi sunansa a Legas. Wanda nake nufi Peter Carington ne, ɗan gidan sarauta, an haife shi a 1919, ya rasu a 2018 yana da shekara 99. Mahaifinsa ya rasu a 1938, shi kuwa ya gaji sarautar gidan yana ɗan shekara 19, shi ne na shida a jerin masu riƙe ta. Gadon ya ba shi kujera a majalisar masu sarauta ta Birtaniya, wadda za a iya kwatanta ta da Majalisar Sarakuna da Jihar Arewa ta taɓa yi a Kaduna, don haka bai taɓa neman ƙuri'ar shiga Majalisar Wakilai ba. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a rundunar tankoki, ya samu lambar jarumta kan kama gadar Nijmegen a ƙasar Holan a 1944. Churchill ya ba shi ƙaramin minista a ma'aikatar gona a 1951. Daga nan jakada a Ostireliya daga 1956 zuwa 1959, sai ministan sojan ruwa, sai ministan tsaro daga 1970 zuwa 1974. A lokacin da yake tsaro ne sojan Birtaniya suka harbe mutum 13 a garin Derry na Ailan ta Arewa ranar 30 ga Janairu 1972, kuma masu yabonsa su daina tsallake wannan shafin.

Da Margaret Thatcher ta ci zaɓe a watan Mayu 1979 ta ba shi harkokin waje, ya tarar da Rodeshiya tana ci da wuta. Tun 11 ga Nuwamba 1965 Ian Smith, shugaban gwamnatin Turawa tsiraru na ƙasar, ya ɓalle daga Birtaniya don kada mulki ya koma hannun baƙar fata masu rinjaye. Da yaƙin sunƙuru ya tsananta, Smith ya shirya da wani ɗan siyasa baƙar fata, Bishop Abel Muzorewa, aka yi zaɓe a Afrilu 1979 ba tare da shugabannin 'yan gwagwarmaya Robert Mugabe da Joshua Nkomo ba. Muzorewa ya zama firayim minista, amma Turawa suka riƙe kujera 28 cikin 100, da ikon hana sauya tsarin mulki, da soja, da 'yan sanda, da kotu. Thatcher ta karkata ga amincewa da wannan gwamnati da janye takunkumin da aka sa wa ƙasar. Carrington ya ga cewa in an yi haka babu wata ƙasa mai nauyi da za ta bi bayan Birtaniya, yaƙin kuma ba zai tsaya ba.

Najeriya na da hannu a nan, kuma yaranmu ba su sani ba. Ana jajibirin taron ƙasashen Kwamanwel a Lusaka, farkon Agusta 1979, gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙwace hannun jarin kamfanin mai na BP a ƙasar nan. Dalilin da aka bayar shi ne alaƙar man kamfanin da Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata, amma kowa a Landan ya gane saƙon. Gidajen man da aka sani daga baya da sunan AP, asalinsu ke nan. Carrington ya fusata ƙwarai, sai dai a ƙarshen taron Lusaka Birtaniya ta yarda ta kira dukkan ɓangarorin, ta rubuta sabon tsarin mulki, ta kuma sa ido kan sabon zaɓe.

An buɗe zaman a wani gida da ake kira Lancaster House a Landan ranar 10 ga Satumba. Abu na farko da Carrington ya yi shi ne ya hana a zuba komai a tukunya ɗaya. Ya ce tsarin mulki tukuna. Sai an gama shi za a taɓa maganar wanda zai riƙe ƙasa kafin zaɓe. Sai an gama wannan za a zo kan tsagaita wuta. Mugabe da Nkomo sun so a fara da wanda zai riƙe soja da 'yan sanda, domin a nan tsoronsu yake, ya ƙi. Hikimar ita ce, duk wanda ya amince da kashi na farko ya riga ya zuba jari, ficewa a kashi na uku za ta yi masa tsada a idon duniya.

Ba ya kuma zama kamar alƙali yana jiran kowa ya kawo takardarsa. Birtaniya ce ke rubuta daftari, a saurari ƙorafi, a ɗan gyara, sannan ya sa rana ya ce a kawo masa amsa, e ko a'a. Bayan wannan yana riƙe da bulala: in 'yan gwagwarmaya suka ƙi, zai ƙulla da Muzorewa shi kaɗai. A tsakiyar Oktoba ya nuna da gaske yake, ya ci gaba da zama da tawagar Muzorewa ya bar Mugabe da Nkomo a waje. Ita kuma tawagar Muzorewa ya matse ta ta ajiye mulkin da take ganin ta ci a zaɓe, kujerun Turawa suka sauko daga 28 zuwa 20, ikon hana ruwa gudu ya tafi. Amma mu faɗi gaskiya, bulalar da ta fi zafi ba a hannunsa take ba. Kenneth Kaunda na Zambiya da Samora Machel na Mozambik su ne masu masaukin mayaƙan, jiragen Rodeshiya na ragargaza musu gadoji da hanyoyi, kuma sun gaji. Da Mugabe ya so juya baya a ƙarshe, saƙon Machel ne ya zaunar da shi. Mai shiga tsakani da ba shi da wanda zai iya janye wa masu faɗa tabarma, surutu kawai zai yi ta yi.

Dubi kuma yadda aka ƙayyade tsagaita wutar, domin a nan namu ke yawan zubewa. An tura Lord Soames ya zama gwamna ranar 12 ga Disamba, tun kafin a sa hannu, wanda kasada ce babba. An sa hannu ranar 21 ga Disamba. Harbi zai tsaya tsakar daren 28 ga wata. An ba mayaƙa mako ɗaya, zuwa 4 ga Janairu 1980, su fito daga daji su shiga sansanoni 16 da aka ambata da suna. Ba a ce su miƙa makamai ba: mutum zai shigo da bindigarsa a kafaɗa, ya kwana da ita, ƙarƙashin kwamandansa, domin an san wanda ya yi shekaru a daji ba zai yarda ya zauna hannu rabbana a gaban abokin gabarsa ba. Masu sa ido sojoji ne kimanin 1,500, daga Birtaniya, Ostireliya, Niyu Zilan, Kenya da Fiji, 'yan ƙalilan a kowane sansani, da ƙananan makamai, a tsakiyar ɗaruruwan mayaƙa. Kusan mutum 22,000 suka shiga. Ranar zaɓe an kawo 'yan sandan Ingila sama da 500 da hulunansu suka tsaya a rumfuna. Ba a rasa tangarɗa ba: Soames ya bar sojan Rodeshiya suna sintiri alhali su ma ya kamata su zauna a bariki, sojan Afirka ta Kudu sun ci gaba da zama a gadar kan iyaka ta Beitbridge na wani lokaci, wasu mayaƙan Mugabe kuma sun maƙale a ƙauyuka suna tsorata masu zaɓe. Duk da haka a ƙarshen Fabrairu Mugabe ya samu kujera 57, Nkomo 20, Muzorewa 3, aka ba da 'yanci ranar 18 ga Afrilu 1980.

To ina gona? Abin da aka yi yaƙin dominsa ke nan. Tun dokar rabon ƙasa ta 1930 aka ware wa Turawa kusan rabin ƙasar, kuma ɓangaren da ya fi ruwa da albarka. A 1980 manoma Turawa kimanin 6,000 ne ke riƙe da waɗannan gonaki, miliyoyin baƙar fata na cunkushe a kan fako. Tsarin mulkin Lancaster ya ɗaure hannun sabuwar gwamnati na shekara 10: ba za ta karɓi gonar da ake nomawa ba sai mai ita ya ga damar sayarwa, in kuwa ta karɓi wadda aka bari ba a amfani da ita, dole ta biya diyya nan take, mai kuɗin kuma yana da ikon fitar da su waje. Sabuwar ƙasa da ta fito daga yaƙi, ina za ta samo kuɗin? A kan wannan ne zaman ya kusa wargajewa a Oktoba. Sakataren Kwamanwel Shridath Ramphal ya nemi Amurkawa, gwamnatin Jimmy Carter da ta Birtaniya suka yi alkawarin taimakawa da kuɗin sayen gonaki, Mugabe da Nkomo suka dawo tebur. Amma a cikin takardar da aka sa wa hannu ba a rubuta nawa ba, ba a rubuta wa zai biya ba, ba a rubuta yaushe ba.

Ina ganin Carrington ya san abin da yake yi. Ya lissafa cewa in ya tsaya sai an warware gona, Turawa za su watse, jam'iyyarsa za ta yi masa bore, yaƙi ya ci gaba. Ba na raina rayukan da aka tsira da su. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Gwamnatin Zimbabuwe ta sa burin tsugunar da iyalai 162,000, ba ta kai rabi ba har ƙarshen shekarun 1990. A Nuwamba 1997 ministar raya ƙasashe ta sabuwar gwamnatin Leba, Clare Short, ta rubuta wa Harare cewa Birtaniya ba ta ɗauki biyan kuɗin gonaki a matsayin wani nauyi na musamman a kanta ba. A 2000 aka fara mamaye gonaki da ƙarfi, noma ya durƙushe, kuɗin ƙasar ya zama takarda. Laifin Mugabe a nan ba ya ɓuya, haka kisan da sojansa suka yi a yankin Matabele tun 1983. Sai dai ƙofar da ya bi, tun 1979 aka bar ta a buɗe.

Murabus ɗin kuwa, ga yadda yake. Ajantina ta mamaye tsibiran Falkland da ke hannun Birtaniya ranar 2 ga Afrilu 1982, ya sauka ranar 5, tare da ministoci biyu na ma'aikatarsa. Shi ne ma ya rubuta yana adawa da janye jirgin ruwan sintiri na Endurance daga yankin, kuma kwamitin bincike na Franks ya wanke gwamnati a 1983. Amma ranar Asabar da Majalisar Wakilai ta yi zaman gaggawa tana tafasa, shi ba shi da ikon shiga ya kare kansa, saboda sarautar da ya gada ta tsare shi a ɗaya majalisar. Ya ga dole wani ya ɗauki kunyar don gwamnati ta shiga yaƙi da kai ɗaya. Daga baya ya zama babban sakataren ƙungiyar tsaro ta NATO daga 1984 zuwa 1988. A 1991 aka ba shi sulhun Yugoslabiya, ya gargaɗi Turai kada ta yi gaggawar amincewa da 'yancin Kuroshiya da Sulobeniya kafin a daidaita kowa, Jamus ta yi gabanta, Bosniya ta kama da wuta, ya ajiye aikin a 1992. Can ba shi da bulala, ba shi da Machel.

Malam Edita, kada a fahimce ni a karkace. Babu wata ƙabila ko addini a Filato da nake kwatantawa da Turawan Rodeshiya. Tarihinmu daban ne. Kamar tana cikin yadda ake rubuta sulhu. Mun ga kwamitocin binciken rikicin Jos, na Fiberesima bayan 1994, na Niki Tobi bayan 2001, na Ajibola bayan 2008, ga zaman al'ummomi iri-iri a Barikin Ladi, Riyom, Bassa, Bokkos da Mangu. A wajen tsayar da harbi ma ba mu cika kai Lancaster ƙayyadewa ba, a wajen ƙasa kuwa sai ka ga an rubuta cewa kowa ya mutunta haƙƙin ɗan'uwansa, a ɗauki hoto, a watse. Wane burtali, daga ina zuwa ina, faɗinsa mita nawa? Wace mashaya? Ƙauyen da aka kora, ranar wane wata za su koma, wa zai raka su, wa zai ba da kwano da katako? In shanu sun ci gona ko an kashe saniya, wa zai yi kiyasi, cikin kwana nawa, daga wane asusu za a biya? Ina roƙon jaridarku ta tura wakilinta na Jos ya nemo takardun yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu a waɗannan ƙananan hukumomi, ku buga su yadda suke, mu ga wacce ce ta amsa waɗannan tambayoyi da suna, da adadi, da kwanan wata.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Jos, Jihar Filato