Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Kano: Rancen Da Mai Ƙuli-ƙuli Za Ta Iya Karɓa

Mai girma Gwamna, Alhaji Abba Kabir Yusuf, assalamu alaikum. Allah ya taya riƙo.

A lungunmu, nan Ƙofar Mazugal, akwai wata uwar marayu mai ƙuli-ƙuli. Tun asuba take suyar gyaɗa, hantsi na yi ta hau matsar tunkuza, amma gyaɗar ba tata ba ce. Bashi take aunowa tiya-tiya, wanda ya ba ta kuma shi ke kwashe man a farashin da ya ga dama. Da za ta samu kuɗin buhu ɗaya, da guminta ya zama nata.

Irin wannan hali Farfesa Muhammad Yunus ya tarar a ƙauyen Jobra na Bangladesh a 1976, inda ya ranta wa mutum 42 dala 27 kacal. Daga nan Bankin Grameen, mai ba talakawa ƙananan rance, ya samo asali, har aka ba shi da Yunus kyautar Nobel a 2006. A wani taro kan ƙananan rance da aka yi a birnin Washington a 1997 aka ɗau aniyar isar da ƙananan rance ga iyalai miliyan 100 mafiya talauci a duniya. Sai dai yawa kaɗai ba ya magani. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, a 2010, tarin bashi da matsin masu karɓa sun jefa talakawa cikin uku.

Mu kuma namu cikas daban ne. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma maƙwabciyata ta gwammace wannan wahala da ta taɓa kuɗin ruwa, kuma ban ga laifinta ba. Ga shi ba ta da takardar fili, ba ta da ma'aikacin da zai tsaya mata.

Ranka ya daɗe, hanya a buɗe take. Tun 2011 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin bankin da ba ruwa, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012. A Pakistan, ƙungiyar Akhuwat tana ba da rance ba ruwa tun 2001, har a masallatai take rabawa.

Roƙona, jiha ta kafa asusu mai juyawa, ba rabon tallafi na rana ɗaya ba. A saya wa mace gyaɗa ko keken ɗinki, ta riƙa biya duk mako kamar zubin adashe, 'yan adashenta su zama masu tsaya mata. A ɗauki mata ma'aikata, domin su ne za su wuce zaure su shiga cikin gida, inda sana'ar take.

In an tashi gwaji, a fara da lungunmu. Ni zan yi wa ma'aikatan jagora.

Naka,
Wani mazaunin Ƙofar Mazugal